Mutumin da Ya Zo Neman Uwar Maƙera

Malam ya rasu da damina, ana tsakiyar ruwa, kuma har yau in zan ambace shi sai muryata ta karye. Na gaya wa maƙwabciyata da take rubuta mini wannan, in ta ji na yi shiru kada ta ce komai, ta jira ni kawai. Ni ban yi boko ba, allo ma kaɗan na taɓa. Amma abin da ya faru a soron gidanmu bayan rasuwarsa ina so ya zauna a takarda, don 'ya'yana mata da suke aure nesa su ji shi daga bakina, kada su ji a bakin wani.

Maƙeri ne mijina. Malam nake ce masa, haka ma duk layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ko da yake ba makaranta gare shi ba. Yana ƙera fartanya da wuƙa da sakatar ƙofa kamar kowane maƙeri, amma abin da ya gada, abin da in yana yinsa ba a yi masa magana, shi ne ƙaimi, wanda mahayi yake ɗaurawa a dunduniya ya taɓa kwiɓin doki da shi. Mahaifinsa a cikin gari ya yi wannan sana'a, haka kakansa. Mu muka fito nan tun bayan gidanmu gonaki ne.

Ƙaimi iri-iri ne. Akwai na da, 'yan haƙoran ƙarfe da ake dasawa a jikin fata mai kauri a ɗaura a ƙafa. Akwai mai harshe ɗaya, ƙarfe ne lanƙwasasshe da yake rungume dunduniya, harshen ya fito ta baya. Akwai mai tauraro, wanda ɗan faifansa yake juyawa, Malam ya ce a zamanin mahaifinsa aka fara ganinsa a ƙafar Turawa. Kowane iri an ajiye guda, wasu aikin mahaifinsa, wasu aikin kakansa, an zura su a babban zoben ƙarfe an rataye a bangon soro. Iyaye yake kiransu, don da su yake auna duk wanda zai ƙera. A tsakiyar soron kuma ga uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan aiki a kansa, an kafa ta a cikin kututture, kututturen a binne a ƙasa. Samanta ya yi sumul yana ɗaukar ido saboda duka.

Ban taɓa zama a soron ana aiki ba, wurin maza ne. Wurina bayan bango, ta cikin gida, a kan tabarma. Da badukun da yake ɗinka masa fata ya rasu, ni na karɓi ɗinkin, ina yi da basilla a nan inda nake zama. Saboda haka idona bai san ƙira ba, kunnena ne ya sani. Na san numfashin zugazugi. Na san masaba in ta sauka a kan jan ƙarfe mai zafi, ƙararta a dushe take, in ƙarfen ya fara hucewa sai ta yi sama ta yi siriri, a nan zai mayar da shi wuta. Na san cuwww ɗin kaskon ruwa. Da waɗannan nake sanin lokacin da zan miƙa kunu da lokacin da zan bari.

A ƙarshen rayuwarsa masu sayen ƙaimi sun ragu ƙwarai. Tsofaffin da suke zuwa daga ƙauye da dawakinsu sun mutu, 'ya'yansu sun sayi babur. Sai ya fi wata bai taɓa zoben nan ba, sai dai ya sauke shi ya goge ya mayar.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya bar mana, kuma shi ne ɗan fari, don haka ban saba doguwar magana da shi ba, sunansa ma ba na faɗa. Bai koyi ƙira ba, tun yana ƙarami hayaƙi yake tayar masa da tari. Adaidaita sahu yake tuƙawa, yana zaune tare da ni a gidan da matarsa da yaransa. Ya daɗe yana son a mai da soron shago, tun da duk layin kowa ya fasa bango ya sa ƙofar ƙarfe. Yana jin nauyin ubansa bai taɓa faɗa masa ba, amma ni na sani ta bakin matarsa.

Ina cikin takaba, zaman makoki ya watse da daɗewa, sai ga shi da baƙo wata la'asar. Suka tsaya a soro, na zauna bayan asabari.

"Inna, ya haƙuri?" in ji baƙon.

"Mun gode Allah."

"Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ban ji da wuri ba, wallahi. Ni ma ɗan gidan ƙira ne. Mahaifina ya san Baba tun suna cikin gari. Rumfata tana nan Tarauni."

Na ce amin, na gode. Amma ina leƙensa ta tsakanin asabari. Magidanci ne, bai kai ɗana ba a shekaru. Shadda ce a jikinsa ta sha guga, da agogo, ƙamshin turarensa har inda nake. Na zauna da maƙeri tun ina yarinya, ban taɓa wanke rigar Malam da babu hujin tartsatsi a jikinta ba. Na so in ga tafin hannunsa, amma waya ce a hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu.

Da ya gama gaisuwa bai tafi ba. Ya zagaya uwar maƙera, ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya ya ce wa ɗana, "Ta shiga ƙasa da nisa? Za ta yi nauyi fa."

Duk maƙerin da na taɓa ji ya shigo soron nan, abin da yake fara yi shi ne ya ɗauki masaba ya ɗan ƙwanƙwasa ta ya ji muryarta, ya tambayi wa ya ƙera ta. Ban taɓa jin wanda ya tambayi nauyinta ba. Masu tambayar nauyin ƙarfe na san su. A shekarun nan 'yan gwangwan sun cika unguwa da kurarsu, ban ce dukansu ɓarayi ba ne, amma murfin kwalbatin bakin layinmu ya tafi, ƙyauren makewayin masallaci ya tafi, har tukunyar maƙwabta da aka kife a ƙofar gida. Duk a kan sikeli suke ƙarewa, daga nan sai kamfanin narka ƙarfe.

"Me ya kawo maganar nauyi?" na ce.

Ɗana ne ya amsa. "Inna, so yake ya karɓi kayan Baba ya ci gaba da aiki da su. Ya fi a bar su suna tsatsa."

"Sai na fita takaba."

Baƙon ya ce babu komai, Allah ya kai mu. Kafin ya fita na ji zoben iyaye ya yi ƙara a bango. Ya taɓa su.

Washegari da ɗana ya fita aiki, na sa matarsa ta sauko mini da zoben, na kai ɗakina na tura ƙarƙashin gado. Na san kafin azahar ta gaya masa a waya.

Ba a yi mako ba maƙwabciyata, wannan dai da take rubutu yanzu, ta shigo ta zauna kusa da ni. Ta ga baƙon ranar da ya zo, don babur ɗinsa a ƙofarta ya ajiye. Ta ce tana dawowa daga Unguwa Uku ta hange shi a wurin masu tara gwangwan na bakin titi, yana tsaye a gaban sikeli, ana ɗora masa ƙarfe, yana dariya da mai wurin kamar sun saba. Ranar ban iya cin tuwo ba. Na riƙa ganin uwar maƙerar Malam a bayan mota, a tsakanin ruɓaɓɓun injina da gwangwanayen madara, ƙarfen da kakan kakan 'ya'yana ya ci abinci a kansa. Na yi kuka har matar ɗana ta zo tana ba ni haƙuri, tana tsammanin kukan mutuwa ne kawai.

Da yamma da na ji ɗana ya shigo da adaidaitarsa, na ajiye kunya gefe.

"Kai, zo nan."

Ya tsaya turus, don bai saba ba. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata.

"Mutumin nan a ina ka samo shi?"

"Ɗaukarsa na yi, Inna, shi da buhun gawayi. Muna hira a hanya har muka gano ya san Baba."

"Gawayi ko gwangwan?"

"Haba, Inna."

"An gan shi a gaban sikeli."

"To Baba a ina yake sayen sifirin ɗin motar da yake ƙira da shi? A masallaci?"

Ya faɗa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce in yafe masa. Gaskiya ya faɗa, Malam ma a wurinsu yake sayen ƙarfe, babu maƙerin da ba ya zuwa can. Amma abin da ya tsaya mini shi ne saurin amsar, kamar wanda ya tanade ta tun a hanya. Ya ci gaba da cewa titi ya cinye masa baya, in ya kwanta ba ya iya juyawa, in ya samu shago zai huta. Na tausaya masa, ɗana ne. Tausayin ne ma ya ƙara mini tsoro, don na san mutum in ya matsu da son abu ba ya tsananta tambaya. Ko dai an yaudare shi, ko kuma ya sani yana ɓoye mini. Ban san wanne ba, kuma kowanne na ɗauka sai ya yi mini ciwo.

Na ce, "In na fita takaba ka ce ya zo. Ya hura wutar ubanka ya ƙera mini ƙaimi mai harshe ɗaya. In maƙeri ne zan sani."

Da na fita takaba, ranar da baƙon ya zo da hantsi, ya zo da tsohuwar riga a leda ya canza a soro. Rigar duk huji ce. Na ce a raina riga ana arowa.

"Inna, yau jarrabawa za a yi mini ke nan?" ya ce yana dariya.

"Kai dai hura wuta."

"Ba za ki fito ki gani ba?"

"A nan zan zauna."

Na shimfiɗa tabarmata a bayan bango, inda na saba, na jingina. Akwai ragowar gawayin ƙirya a buhun Malam. Na ba da mai harshe ɗaya daga cikin iyaye don ya auna, shi kaɗai na zare daga zoben. Ɗana ne ya zauna a kan zugazugi, abin da rabonsa da yi tun yana yaro.

"Kai, ɗan maƙeri!" na ji baƙon ya ce. "Wannan ai fifitar mai shayi kake yi. Dama, hagu, dama, hagu, kada ka bari numfashin ya yanke."

"Ni giya na sani da birki, malam."

"To sa mata giya ta biyu."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ji wutar ta kama, ta fara wannan gurnanin nata. Na ji awartaki ya shiga cikin gawayi. Sai masaba ta sauka.

Dukan farko na sani. A dushe ya fito, daidai, ba gaggawa. Ya yi ta bi, da ƙarar ta fara yin siriri ya tsaya ya mayar wuta, bai ƙara ko ɗaya a kan ƙarfe mai sanyi ba. Tsakanin duka da duka yana ɗan sauke masabar a kan uwar maƙera ita kaɗai, tin, kamar yadda Malam yake yi in yana juya ƙarfe. Wannan ba a koya wa mutum shi a cikin adaidaita. Na toshe bakina da mayafi. Tun da aka fita da Malam gidan nan bai yi wannan ƙarar ba, sai na ji kamar in na tashi na leƙa zan gan shi zaune ya miƙe ƙafa ɗaya, hularsa a ƙeya. Na yi kuka sosai, na kuma ji kunyar zargin da na yi wa bawan Allah. Har na fara shirya yadda zan ce masa ya ɗauki kayan, Allah ya sa albarka.

Aka tsoma a kasko. Aka ɗauki magagari, wato abin goge ƙarfe, aka fara gyaran harshe.

A nan Malam yana da yadda yake yi. Magagari kaɗan yake ja, ya ajiye. Sai ya ɗiga ruwa a kan wani dutse da yake gefensa, ya riƙa murza bakin harshen a kai, a hankali, har ya kashe kaifin. In ya gama ya naɗe hannun riga ya danna a cikin damtsensa, wurin da fata take da laushi. In ya bar ɗan farin gurbi da zai ɓace nan da nan, ya yi. In ya karce, a koma dutse. Ya ce doki ƙuda ya sauka a kwiɓinsa yana ji, to me za a yi da tsini? An sha zuwa a ce ya bar shi da kaifi, ya ce a je gaba. Mun yi kwanan da miya babu nama saboda wannan.

Na kasa kunne ina jiran ƙarar dutse. Magagari yana ta tafiya. Ya wuce inda Malam yake tsayawa, ya ci gaba, ƙarar tana ƙara siriri. Dutsen yana nan a gefensa, ban ji an taɓa shi ba. Can ya busa, ya ce, "A kai wa Inna."

Ɗana ya miƙo mini. Da ɗuminsa. Aiki ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, lanƙwasar ta zauna kamar ta uwar ƙaimin da ya auna da ita. Na janye mayafi na danna a damtsena, ban ma sa ƙarfi ba. Jini ya tsatso.

"Inna!" in ji ɗana.

Na tashi na je bakin asabari. "Wannan ƙaimi ne ko allura?"

"Subhanallahi, Inna, da kin tambaye ni ai da na ce kada ki gwada."

"Ga dutse nan a gefenka."

"Na gan shi. Na san irin na Baba, na iya. Na yi su, suna nan rataye a rumfata, babu mai ko tayawa. Yanzu samarin kilisa ne masu saye, da masu hawan angwanci. So suke da an taɓa doki ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, abokai suna ɗauka a waya. In ka ba su mai dakusasshen baki sai su ce na tsofaffi ne."

"Dokin fa?"

"Yana warkewa, Inna. A shafa masa magani."

Bai ɓoye komai ba, yana magana yana goge hannu da tsumma. Na tambaye shi abin da ya sa ya tambayi nauyi ranar farko, ya ce yana lissafin ko babur zai ɗauke ta ne. Na ce to iyayen fa, me zai yi da su tun da ba irinsu yake yi ba?

"Siffarsu nake so. Wannan lanƙwasar babu mai yinta yanzu. In na fitar da su a kan siffar nan na ce daga gidan Baba suka fito, har daga wasu garuruwa za a zo. Sunan Baba bai mutu ba a wurin masu doki, Inna."

Ya faɗa ne don in ji daɗi. Duk watannin nan tsoron sikeli nake yi, ban taɓa kawo wannan a raina ba: a huda cikin dabba da ƙarfe, a ce aikin gidan Malam ne.

Na ce zan yi shawara. Na karɓi uwar ƙaimin da na ba shi na mayar cikin zobe.

Da aka zo rabon gado, ƙanen Malam ya zo daga Daurawa da malamin da zai raba. Aka lissafa gida da ɗan abin da ya bari, aka ce tumuni ne nawa, kashi ɗaya cikin takwas. Na ce ina da magana. Na ce a sa mini uwar maƙera da zoben iyaye a cikin tumunina, a rage mini a wani wurin.

"Ke kuwa me za ki yi da maƙera?" in ji ƙanen Malam. "Ƙira za ki fara da tsufanki?"

"Ko tuwo zan tuƙa a kanta, a ba ni."

Malamin ya ce in sauran magada sun yarda ya halatta. 'Ya'yana mata suka yarda ta waya. Ɗana ya ce shi dai soro yake so a fitar masa da kaya. Maza suka haƙa suka ciro kututturen da uwar maƙera a jikinsa, suka kai mini ɗaki suka jingina a bayan ƙofa. A tsakiyar soro aka bar rami.

Baƙon bai yi fushi ba, abin da ya ƙara sa ni tunani ke nan. Ya riƙa zuwa gaishe ni, yau lemo, gobe goro, yana tambayar ciwon ƙafata, idonsa yana zuwa ƙofar ɗakina. Wata rana ya zo da ƙaimi guda biyu a takarda, ya ce in gwada. Na gwada, farin gurbi suka bari. Ya ce ya yi tunani, maganata ta shige shi, ko aro ne in ba shi iyayen. Ɗana yana gefe yana gyaɗa kai. Na juya su a hannuna. Sun yi kyau. Amma don damtsena aka yi su, abin da yake rataye a Tarauni ban gani ba.

Na ƙudurta in je in gani, ban gaya wa kowa ba. In na ce ɗana ya kai ni, kafin mu fita layi waya ta riga mu. Wata Asabar da hantsi na ce za ni dubiya, na dogara sandata har bakin titi, na tari adaidaitar wanda ban sani ba. Muka yi ta tambaya a Tarauni har aka nuna mana rumfar maƙeri mai kayan doki.

Rumfar gaskiya ce, da wuta da komai. Yana zaune yana aiki, wani saurayi yana tsaye a kansa yana latsa waya. A jikin turken rumfar an ɗaure wani jan doki siriri. Na sauka na matsa kusa da shi. Kwiɓinsa duka biyu sun yi sawu-sawu, wani ya bushe ya yi ɓawo, wani ɗanye, ƙudaje sun baibaye wurin. Fatar tana ta karkarwa tana korarsu, ba sa tashi.

"Inna!" Ya miƙe da sauri har ya ture kaskon ruwa. "Ke da wa? Bismillah, ga kujera."

Ban zauna ba. Ina kallon dokin, shi ma ya juya ya kalla.

"Ba nawa ba ne ya yi masa wannan," ya ce. "Yau ya fara zuwa wurina."

Mai yiwuwa gaskiya ne. Saurayin ya ɗago kai ya ce, "Malam, ka ƙara masa baki fa, na wancan satin har ya dakushe." Maƙerin ya sunkuya yana ɗaga kaskon ruwan, ni kuwa ban tambayi na wa ne na wancan satin ba. Na ce Allah ya ba da sa'a, na koma cikin adaidaita. Har muka iso Gyaɗi-Gyaɗi ina share hawaye, direban yana ta cewa, "Hajiya, haƙuri, rasuwa aka yi?" Na ce masa eh.

Na san abin da zai faru ran da na bi Malam. Uwar maƙera za ta fita daga ɗakina kafin a share makoki, ko zuwa Tarauni ko zuwa sikeli, wannan ba ni da iko a kansa, kuma ita ƙarfe ce kawai, ba ta da siffar da za a ce ta gidan wane ce. Iyayen ne suke da ita.

Ranar da birkila ya zo zuba siminti a soro, na jira har ya kwaɓa. Na fito da zoben a naɗe cikin fatar da Malam yake ɗaurawa in zai yi aiki. Na durƙusa da ƙyar na sa shi a ramin da aka ciro kututture, na tura ƙasa da hannuna.

"Inna, mene ne haka?" in ji ɗana. "Wallahi cewa za a yi asiri muka binne don shago ya yi kasuwa."

"Su ce."

"Kayan tarihi ne fa. Ko ba shi ba, wani zai so su."

"Tumunina ne. Malam birkila, zuba."

Birkilan ya dubi ɗana, ɗana ya kau da kai. Ya zuba, ya baje, ya bi da katako ya lallashe. Da ya gama ya ce kowa ya fita a ja ƙofa, kada yara su taka. Na ce a kawo mini kujera. Ya ce ai sai ya kwana kafin ya kama sosai, Hajiya ki je ki huta. Na lura tun ɗazu idonsa yana komawa daidai wurin ramin, na kuma ga ɗana ya fita waje da waya a kunne. Na sa aka ajiye mini kujerar a bakin ƙofa ta ciki, da buta da abin salla. A nan na yi azahar, a nan na yi la'asar, a nan matar ɗana ta kawo mini abinci. Jefi-jefi ina miƙa sandata in taɓa gefen simintin. Ban tashi ba sai da sandar ta daina barin sawu.